Layi biyu gare mu, amma sikeli yana tsayawa

Sagir Auyo:
Assalamu alaikum malamai. Shawara nake nema, don abin nan ya hana ni barci kwana huɗu. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin casar shinkafa tsakanin Haɗejiya da Auyo. Manhajar da muke shigar da awon shanshera da kuɗin manoma ba a nan take ba, tana kan sabarmu a girgijen AWS, wato kwamfutocin haya na kamfanin Amazon, a cibiyarsu ta Kef Tawun.

Layin intanet biyu gare mu. Na farko na rediyo ne daga cikin gari, megabit 20 hawa, 20 sauka, da adireshin IP tsayayye. Na biyu kwanon tauraron ɗan'adam ne, saukarsa takan haura 100, hawa kuwa sai yadda hali ya yi. Kowane layi da akwatin fayawol nasa, mai gadin shiga da fita, kowane akwati kuma ya haɗa VPN ɗinsa, wato rufaffen bututu ta cikin intanet, zuwa can da BGP, tsarin da na'urori ke shelanta wa juna hanyoyi da shi. A tsakiya akwai rauta MikroTik, na'urar da ke zaɓa wa bayanai hanya. Da can na rediyo kaɗai ke aiki, ɗayan yana zaman jira. Sai Alhaji ya ce wane dalili zai riƙa biyan kuɗin layi biyu duk wata, ɗaya yana kwance kamar rago. Shi ne na saka PCC, dokar rabon haɗi, a rautar, wani haɗi ya bi nan, wani ya bi can.

Tun ranar ban huta ba. Jiya tirela biyu da a-kori-kura sun fi goma a layi, ga shinkafar rani tana ta shigowa. Malam mai sikeli ya danna, allo ya yi ta juyawa. Ya rufe ya sake dannawa, ya buɗe nan take. Na gaba kuma ya maƙale. Manoma na zaune a gindin darbejiya suna jiran rasit, wani dattijo har ya leƙo taga ya ce in injin ya gaji a ɗauko littafi da biro. Duka VPN ɗin kuma suna nuna kore. Ina na kuskure?

Nura Kura:
Wa alaikumus salam. Oga ka yi restatin kwanon tauraron? Wani lokaci shi ke nan.

Sagir Auyo:
Sau nawa kuwa, Nura.

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, tambaya biyu. A ɓangaren AWS, VPN ɗin a kan wace ƙofa suka sauka, Virtual Private Gateway ko Transit Gateway? Sannan cikin dannawa goma, nawa ke maƙalewa?

Sagir Auyo:
Virtual Private Gateway ne, Yallaɓai. Maƙalewar kuwa ban ƙirga ba, amma kusan rabi.

Injiniya Bala:
To ai ka ba kanka amsa. Kusan rabi. Kai ka raba tafiya, ba ka raba dawowa ba. Rautarka tana da iko ne kan fakitin, wato ɗan ƙunshin bayanai, da ke fita daga masana'anta. Wanda ke dawowa, can ne ake zaɓa masa hanya, kuma irin ƙofar da kake amfani da ita ba ta rabo. Bututu ɗaya take zaɓa ta zuba komai a ciki. Sai ya zama gaisuwar farko ta fita ta akwatin tauraro, amsarta ta dawo ta akwatin rediyo. Shi kuwa akwatin rediyo mai gadi ne da ke rubuta sunan duk wanda ya fita. Ya duba littafinsa bai ga wanda ya fita neman wannan amsa ba, sai ya jefar da ita. Aikinsa ya yi, babu laifinsa. Shiga rajistar akwatin rediyo ka duba fakitin da yake zubarwa da sunan marasa inganci. Za ka ga adireshin sabarka.

Sagir Auyo:
Innalillahi. Ga su nan jere, Yallaɓai. Dubbai. Duk daga sabarmu.

Nura Kura:
To ai da sauƙi ke nan. Ku koma Transit Gateway ku kunna ECMP, tsarin da ke raba kaya a kan hanyoyi da yawa. Kowane haɗin VPN na AWS bututu biyu ne, kuna da haɗi biyu, bututu huɗu ke nan. Kowane bututu na yau da kullum yana ɗaukar har gigabit 1.25. Ku tara ku gani. Alhaji zai ga kuɗinsa na aiki.

Maryam Dutse:
Nura, gigabit 1.25 ɗin nan iyakar bututun ce a ɓangarensu. Mutumin da layinsa megabit 20 ne, me ya haɗa shi da ita? Kamar ka ce wa mai amalanke titin Kano zuwa Zariya ya faɗaɗa, shanun dai su ne shanun.

Kuma ko an yi ECMP ɗin, matsalar Sagir tana nan. Rabon da ECMP ke yi ba ya duba ta inda abu ya fito. Yana ɗaukar adireshin mai aikawa da na mai karɓa da lambobin ƙofar manhaja (port) da nau'in yarjejeniya, ya cuɗa su ya fitar da lamba, lambar ta zaɓi hanya. Lissafin da can za su yi daban, wanda rautar Sagir za ta yi daban. Babu abin da ya ce za su dace. Da fayawol biyu da ba sa musayar littafi, za a ci gaba da zubar da amsoshi. Sai dai a tattara bututun huɗu a akwati ɗaya, shi ke nan kuma an rushe dalilin sayen akwati biyu.

Ga kuɗi. Transit Gateway ana biyansa kowace awa a kan kowane abin da aka maƙala masa, sannan a biya kowane gigabait da ya ratsa. Da dala. Ka je ka faɗa wa Alhaji.

Nura Kura:
Anti Maryam, ni dai a kwas ɗin da na yi cewa aka yi ECMP shi ne daidai idan akwai layi fiye da ɗaya.

Injiniya Bala:
Ka duba sunan da kyau, Equal-Cost Multi-Path. Haruffan farko biyu suna nufin hanyoyin da nauyinsu ɗaya ne. An yi shi ne don layukan da suke tagwaye, faɗi ɗaya, jinkiri ɗaya. Na Sagir doki ne da jaki. ECMP ba ya sanin wanne ya cika. Zai iya jefa babban loda a kan mai megabit 20 ya bar mai 100 yana hamma, don shi haɗi yake ƙirgawa, ba nauyin kaya ba. Sannan haɗi guda ba ya rabuwa biyu. Fayil ɗaya in ka tura shi, hanya ɗaya zai bi daga farko har ƙarshe. Wanda ke zaton 20 da 100 za su ba shi 120 a loda ɗaya, zai daɗe yana jira.

Nura Kura:
To a raba fakiti-fakiti mana, ɗaya nan ɗaya can.

Injiniya Bala:
Kada ka soma. Na biyu zai riga na farko isa, TCP, mai kula da isar fakiti a jere, ya ɗauka an yi ɓatan kaya, ya sake aikawa ya kuma rage gudu. Layi biyun sai su koma ba su kai ɗaya ba.

Baba Ringim:
Salamu alaikum yara. Na bi maganganunku tun ɗazu, duk kun yi ilimi. Ni tsohon mai hawa ƙarfe ne, ban san BGP sosai ba, amma bari in tambayi Sagir abin da ba wanda ya tambaya. Akwatunan nan uku da kwanon da eriyar rediyon, a ina suke shan wuta?

Sagir Auyo:
Baba... inbata ɗaya ce. Tana ɗakin sikeli.

Baba Ringim:
Madalla. To layinka ɗaya ne, ɗana, sunansa inbata. Na taɓa zuwa wani asibiti a karkara, ba zan faɗi suna ba. Sun sayi layukan waya biyu na kamfani daban-daban suna alfahari. Na fito waje na ɗaga kai, ƙarfen sabis ɗaya ne a garin gaba ɗaya, duka kamfanonin haya suke a kansa, janareta ɗaya ke riƙe da su. Ran da man gas ya ƙare, tare suka yi shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Wani wurin kuma ƙarfe biyu ne amma wayar faiba ɗaya ke kai su Kano, a gefen titi ɗaya, katafila ɗaya ta isa.

Ku tuna 14 ga Maris 2024. Wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma lokaci guda, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Mutane da yawa a ranar suka gane layukansu biyu a Legas suke haɗuwa su shiga ruwa ɗaya. Bankuna ma sun ji a jikinsu. Shi Sagir ya yi dabara da ya haɗa ƙasa da sama, wannan na yaba. Amma ya dawo ya ɗaure su a turke ɗaya.

Kuma masana'antar shinkafa ce. Yaushe rabon da ka buɗe inbatar ka ga abin da ɓuntu ya yi wa fankarta?

Sagir Auyo:
Baba ka ba ni kunya. Yanzu na haska da fitilar waya. Ramukan iskar sun toshe da ƙurar ɓuntu, ta yi kauri kamar bargo, har da sheƙar zanzaro a gefe. Jikinta zafi rau.

Garba Admin:
Jama'a a yi haƙuri, wanda ya turo tallan sola ɗazu na goge. Ranar Asabar ake talla. A ci gaba.

Maryam Dutse:
Mu koma kan rabon, don Alhaji yana da gaskiya ta wani ɓangaren, bai kamata layi ya kwanta a banza ba. Sagir, me da me ke tafiya can ban da manhajar sikeli?

Sagir Auyo:
Lissafin akanta, shi ma ƙarami ne. Sai hotunan kyamarorin tsaro da muke ajiye kwafinsu can, su ne masu nauyi. Sai ajiyar fayilolin ofis da daddare. Ma'aikata kuma suna hawa intanet, amma wannan ba ya shiga VPN.

Maryam Dutse:
To kada ka raba haɗi, raba aiki. Ka ware kwamfutocin sikeli da na akanta a rukunin adireshi ɗaya, misali 10.20.1.0/24. Na'urar kyamarori da ta ajiya a wani, 10.20.2.0/24. Ta BGP, duka akwatunan biyu su shelanta babban rukunin, 10.20.0.0/16. Sannan akwatin rediyo ya ƙara shelanta ƙaramin rukunin sikeli shi kaɗai, akwatin tauraro ya ƙara na kyamarori shi kaɗai.

Ƙa'idar da kowace rauta a duniya ke bi kafin komai ita ce adireshin da ya fi ƙayyadewa, wato ƙaramin rukuni, shi ke cin nasara. Don haka amsar sikeli za ta dawo ta rediyo, ta kyamara ta dawo ta tauraro, ba tare da ka roƙi kowa ba. In rediyo ya mutu, shelarsa ta ɓace, sai babban rukunin da ke kan tauraro ya kwashi kayan. Haka in ɗayan ne ya mutu. A MikroTik kuma ka cire PCC daga zirga-zirgar VPN, ka sa doka bisa adireshin mai aikawa don fita ta dace da dawowa. PCC ɗin ka bar wa masu kallon Facebook, can yana da amfani.

Ba ka sauya ƙofa ba, ba ka ƙara ko sisi ba. Ƙofar da kake kai tana karɓar hanyoyi har 100 daga gare ka, kai uku kawai kake bukata.

Nura Kura:
Amma me ya sa ba za a yi da maimaita lambar AS, wato lambar shaidar cibiyarka a BGP, ba? Ko MED, lambar da ke nuna wa maƙwabci hanyar da ka fi so?

Injiniya Bala:
Za a iya. Ka shelanta rukunonin biyu a kowane layi, ka tsawaita hanyar wanda ba ka so ta maimaita lambar AS ɗinka sau biyu ko uku. AWS tana duba gajartar hanyar AS, in sun yi kunnen doki ta duba MED, ƙarami ya ci. Duk suna aiki. Amma ni ma ta Maryam zan bi, don ranar da Sagir ya tafi biki Gumel aka kira wani yaro ya duba, ita ce zai gane da kallo ɗaya. Abin da kawai za ka riƙe, Nura: lambar fifiko ta cikin gida fita take juyawa, ba ta ƙetare gidanka. Dawowa kuwa sai dai ka yi wa maƙwabci ishara, shi ke yanke hukunci.

Sai dai ina da ja a wuri ɗaya, Maryam. Kin ɗora kyamarori a kan tauraro don ya fi faɗi. Faɗinsa a sauka ne. Kyamara hawa take yi. A hawa, mai megabit 20 tsayayye zai iya fin sa.

Maryam Dutse:
Na sani, Injiniya. Da gangan na yi. Ba gudu nake nema wa kyamara ba, nisanta ta nake yi da sikeli. Hoton kyamara in ya makara da minti goma babu wanda ya mutu. Sikeli in ya makara da daƙiƙa goma, direban tirela ya fara hon. Kuma jinkirin rediyo ba ya hawa da sauka kamar na tauraro, shi ya fi dacewa da manhaja mai tambaya da amsa.

Injiniya Bala:
Da rana na yarda. Da daddare fa? Sikeli a rufe, rediyo ba ya komai tun daga isha'i har asuba, ke kuma kin bar ajiyar dare tana fama a ɗaya layin.

Maryam Dutse:
Sai ya ba na'urar ajiyar dare adireshi a rukunin sikeli, ya sa mata lokaci daga sha ɗaya zuwa huɗu na asuba.

Injiniya Bala:
Ran da ajiyar ta yi nauyi ta wuce lokacinta ta shiga safiya kuma?

Maryam Dutse:
Ya sa mata ta tsaya da kanta ƙarfe biyar ta ci gaba gobe. Injiniya, kai dai ba ka son a ce na ci.

Injiniya Bala:
Kin ci rabi.

Hamisu Kafin Hausa:
Ni tambayata daban. Muna shiga damina. Layin da ya mutu murus ai mai sauƙi ne. Wanda ke ba ni wahala shi ne wanda bai mutu ba bai yi rai ba. Hadari ya taso daga gabas, iska ta ɗan karkata eriya, ko ruwa ya yi ƙarfi a kan kwano, fakiti uku cikin goma suna ɓacewa. BGP yana ganin ɗan saƙon gaisuwarsa yana wucewa jefi-jefi, sai ya ce lafiya lau. Mutane kuwa ba sa iya aiki.

Injiniya Bala:
Wannan ita ce tambayar da ta fi duk na baya. A VPN na AWS, BGP yana jiran daƙiƙa 30 ba tare da jin ɗuriyar maƙwabci ba kafin ya yanke ƙauna. In gaisuwa ɗaya ta tsallake cikin lokacin, agogo ya koma farko. BFD da ke gano mutuwa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya kuma a Direct Connect, layinsu na musamman, suke ba da shi, ba a wannan VPN ɗin ba. Don haka sai ka sa naka ɗan leƙen asirin. Netwatch na RouterOS 7, manhajar MikroTik, yana iya auna yawan ɓatan fakiti da jinkiri, ba mutuwa kaɗai ba. Ka sa shi ya riƙa buga wani adireshi da ke cikin girgijen ta cikin bututun, ba ƙofar mai ba ka layi ba, don ƙofar tana iya amsawa alhali gaba da ita a rufe. In ɓata ya wuce iyakar da ka sa, ya sa a janye shelar ƙaramin rukunin, ya juya fita ma.

Kuma kada ka bari ya dawo da wuri. Layi ya warke ya daɗe a warke, minti biyar ko goma, sannan a mayar masa da kaya. In ba haka ba, duk walƙiya sai kaya sun yi ƙaura, kuma kowace ƙaura tana yanke haɗin da ke buɗe, tun da akwatin da aka koma bai san su ba.

Hamisu Kafin Hausa:
Sannan in an koma layi ɗaya, a matse wuyan kyamarori. Na taɓa mantawa da wannan. Komai ya koma kan ƙaramin layi yadda na tsara, ina murna, sai kwafin hotuna ya cinye shi tas. Da hannuna na je na zare wayar na'urar.

Maryam Dutse:
Eh, layin jira mai fifiko. Sikeli a gaba, kyamara ta ci saura.

Sagir Auyo:
Allah ya saka da alheri. Gobe Juma'a ana rufe sikeli daga sha biyu da rabi har bayan an sauko daga masallaci. A nan zan yi, in sha Allah. PCC ɗin dai na kashe shi tun ɗazu, layin motoci ya tafi.

Sagir Auyo:
Malamai barkanmu da Juma'a. Na yi yadda Anti Maryam ta tsara. Na buga manhajar sikeli sau 50 a jere ina ƙirgawa a bayan wani tsohon rasit, ba wanda ya maƙale. Rajistar akwatin rediyo ta daina zubar da komai. Sai na zare wayar rediyo da hannuna ina duba agogo. Kusan rabin minti, shafin ya dawo ta tauraro, sai dai an sake neman kalmar sirri. Na mayar, na zare ta tauraro, kyamarori suka koma rediyo, sikeli bai ji komai ba. Na kira Alhaji ya ga jadawalin layukan biyu duk suna motsi. Ya ce to yanzu ka yi magana.

Saura abu ɗaya. Lokacin da sikeli ke kan tauraro, ana shiga, ana shigar da awo, amma rahoton wata da akanta ke bugawa ya tsaya a rabi. A rediyo yana fitowa.

Injiniya Bala:
Ƙananan fakiti na wucewa, manya na maƙalewa. Girman fakiti ne. IPsec, tsarin da ke kulle VPN ɗin, yana ƙara wa kowanne mayafi, a layin da ke bayan NAT, mai sauya adireshi, kuma ana sake naɗe shi cikin wani mayafin, UDP ta ƙofa 4500. Abin da ya cika 1500 ba zai shiga ba. Duba akwatin rediyo, na tabbata wanda ya kafa shi ya rage MSS, wato iyakar girman kayan da ke cikin fakiti, na tauraro ne aka manta. Sa 1360 a duka biyun ka gwada.

Sagir Auyo:
Haka ne kuwa, babu dokar a na tauraro. Na sa. Rahoton ya fito, shafi 14.

Nura Kura:
To ni yanzu ECMP ɗin da na haddace a ina zan yi amfani da shi?

Maryam Dutse:
Ran da ka samu faiba biyu masu faɗi ɗaya a cikin Kano, ka kira ni mu kunna tare.

Baba Ringim:
Sagir, inbatar fa?

Sagir Auyo:
Na hure ta da injin iska, Baba, na ɗaga ta daga ƙasa na ɗora a kan benci. Na yi wa Alhaji maganar ƙaramar inbata ta biyu da batirinta don akwatin tauraro da kwanon. Ya ce in bari a gama sayen shanshera.

Baba Ringim:
Rautar tsakiya kuma a wacce za ka sa ta?

Sagir Auyo:
Ban yi tunanin wannan ba.

Injiniya Bala:
Wace iri ce? Wasunsu suna karɓar wuta ta hanya biyu, ta jakin baya da ta wayar sadarwa a ƙofar farko. Turo hoton bayanta mu gani.

Sagir Auyo:
Mota ta hau sikeli, bari in sallame ta in ɗauko.